Kwallon Lahadi a Ngojin: Kada Mu Shigo da Indijin Cikin Fili

'Yan uwana Hausawa mazauna Potiskum da kewaye, yau da ku nake, kuma tun daga farko ina neman afuwar iyayenmu dattawa, domin maganar da zan yi na san ba za ta yi wa wasu dadi ba. To amma ranar wanka ba a boyon cibi.

Makon jiya an yi wani zama a kofar gidan daya daga cikin manyanmu a kan 'yar kungiyar kwallon kafar nan tamu ta Ngojin, wadda take buga wasa duk ranar Lahadi bayan sallar la'asar. Dalilin zaman ba boyayye ba ne. Bana kungiyar ta sha kashi har ta gaji, jesi duk sun yage, kwallo daya tal ta rage, ita ma ta sha faci, sannan wasan karshe da aka yi da yaran wani kauye da ke makwabtaka da mu bai kare ba sai da aka ba hammata iska, har aka fasa wa alkalin wasa baki. A wurin zaman an kawo shawara biyu. Ta farko, a rushe kungiyar kowa ya huta, tunda dama shashanci ne. Ta biyu kuwa daga wani Alhaji ta fito, mutumin da Allah Ya hore wa, wanda ya ce zai sayi jesi da takalma da kwallaye har da raga, amma da sharadi: a sauya wa kungiyar suna, a mayar da ita ta 'ya'yan Hausawa zalla. Nan take wuri ya dauki "madalla, Allah Ya kara arziki." Ni dai ban ce uffan ba, don ba a yi mana tarbiyyar katse manya ba. Amma tun daga ranar abin yake ci mini tuwo a kwarya, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Bari in fara da yadda kungiyar ta samo asali, saboda da yawa daga cikin masu cewa madalla ba su taba tsayawa bakin filin ba. Muna samari muka kafa ta, kuma karo-karo muka yi muka sayi kwallon farko. Turakun gola reshen darbejiya ne muka saro, igiya muka daura a sama, layin fili kuwa da toka muke ja. Shi kansa filin gona ce. Gonar wani dattijo ne Bangizime, wanda ya ce mana idan an cire amfani ku yi wasanku, idan ruwa ya sauka ku ba ni wurina. A haka muke har yau: kakar wasanmu tana farawa bayan an yanke gero, tana karewa da ruwan shuka. Bai taba karbar ko sisinmu ba. Da ya rasu, Allah Ya jikansa, 'ya'yansa ba su tashe mu ba. To don Allah jama'a, a gonar wa za a kafa wannan kungiya ta Hausawa zalla? Da wane ido za mu kalli jikan mai gonar, wanda shi ne mai tsaron gidanmu a yanzu, mu ce masa ya cire safar hannu ya koma gefe don kakansa ba daga Kano ko Katsina ya zo ba?

Mun ga dadi a kungiyar nan. Akwai shekarar da muka yi rani guda ba a ci mu a gida ba, muka je har cikin gari muka dauko kofi, aka dawo da mu cikin jerin babura ana ta oda, mata na guda ta kan katanga. A wannan tawagar, 'yan bayanmu biyu Karekare ne, kyaftin dinmu Babole ne, mai buga mana lamba tara Bafulatani ne da ke zuwa daga ruga a kan keke, akwai kuma wani yaro Kirista dan wani malamin makaranta, wanda ke fitowa daga coci da rana ya zo ya taya mu jan layi. Ni Bahaushe ina tsakiya, ina raba musu kwallo. Ban taba tsayawa na tambayi mutum yarensa kafin in ba shi fasin ba, don wanda ya tsaya tambaya kwace kwallon za a yi.

Mun kuma ga wuya, irin wadda ba a fatan maimaituwarta. Duk wanda ya zauna a Potiskum daga 2012 zuwa 2014 ya san abin da nake nufi. A watan Mayun 2012 aka kai hari kasuwar shanu, kasuwar da ita ce ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu garin nan. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-baci a Yobe da Borno da Adamawa. Ranar 6 ga Yulin 2013 aka kashe dalibai a makarantar sakandaren Mamudo. Ranar 17 ga Yunin 2014 bam ya tashi a gidan kallon kwallo a Damaturu, mutane na kallon wasan Brazil da Mexico na gasar cin kofin duniya. Ranar 10 ga Nuwamban 2014 kuma aka tayar da bam a wurin taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta Potiskum, dalibai sama da 40 suka rasu. A wadannan shekaru wa ke maganar tamaula? An hana hawa babur, taron mutum ashirin ya zama abin tsoro, filinmu ya koma wurin kiwon awaki. Wasu 'yan wasanmu suka yi hijira, wasu ba su dawo ba har yau. Abin da nake so mu tuna shi ne, masu kisan nan ba su tambayi kowa takardar asali ba. Tare muka yi jana'iza, tare muka yi zaman makoki.

Da kura ta lafa, kafin a dawo da bukukuwa da tarurruka, abu na farko da ya sake hada matasan yankinmu wuri guda shi ne kwallon Lahadi. Na tuna ranar da muka koma. Ba mu kai goma sha daya-daya ba, bakwai-bakwai muka buga, kowa na wasa yana waige. Amma dattawan da a da suke korar mu da sanda, ranar sun fito sun zauna a gindin bishiya suna kallo, har aka tashi ba wanda ya ce mana shashanci muke yi.

Yanzu bari in zo kan hujjojin masu son a ware. Na ji wani ya ce, ai mu ma ana ware mu. Yaro an haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, amma ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati ko shiga soja sai a ce ya kawo takardar indijin, ya koma garin da bai san hanyarsa ba, can ma a ce ba a san shi ba. Wannan gaskiya ne, kuma ni kaina na dandana. Amma ciwo ne na Nijeriya baki daya: abin da Bahaushe ke kuka da shi a Jos, shi Bayarabe da Ibo ke kuka da shi a Sabon Garin Kano. Tambayata ita ce, idan abu ya yi maka ciwo, maganinsa shi ne ka dauko shi da hannunka ka kai shi wurin da babu shi? Fili daya ne ya rage mana a kasar nan inda ba a tambayar takarda, sai abin da kafarka ta iya. Shi ne kuma muke so mu kafa wa shinge? Gobe idan muka je neman hakkinmu aka ce mana baki ne mu, da wane baki za mu yi musu, alhali mu muka fara rubuta wa kanmu "baki" a bayan jesi?

Masu son kwallon Turai, ga misali daga can. A 1887 aka kafa kungiyar Celtic a birnin Glasgow, kuma 'yan ci-rani ne daga kasar Ailan, mabiya darikar Katolika, suka kafa ta don tara kudin ciyar da yaran talakawansu. Ka ga ke nan kungiyar baki ce kamar mu. Amma ba su rufe kofa ba, duk wanda ya iya suna dauka. Abokiyar hamayyarsu Rangers ita ce ta shafe shekaru da dama tana kin daukar fitaccen dan wasa Katolika, har sai 1989 da ta sayi Mo Johnston. A 1967 Celtic ta doke Inter Milan da ci 2 da 1 a Lisbon, ta zama kungiyar Birtaniya ta farko da ta dauki kofin Turai, da yaran da duk aka haifa a Glasgow da kewayenta, kuma kocinsu Jock Stein ba Katolika ba ne. Mu dawo gida. Ahmed Musa a Jos aka haife shi, a can ya koyi kwallo. Da Kano Pillars ta tsaya neman takardar asalinsa, da ba ta samu yaron da ya ci mata kwallo 18 a kakar 2009/2010 ba, wanda daga baya ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya kara zura wa Iceland biyu a 2018.

Sai masu cewa a rushe. Hujjarsu ita ce yara na wasa da sallar magariba, ana fada, ana zage-zage. Ban musa ba. Amma mu fadi gaskiya, me ya kashe kungiyar nan bana? Ba Ngizim ba ne, ba Karekare ba ne. Abu uku ne, kuma duk namu ne. Na daya, lokacin wasanmu ya yi karo da na Firimiyar Ingila. Ranar da Arsenal ko Manchester United ko Chelsea ke da babban wasa, rabin 'yan wasanmu suna gidan kallo, mu kuma muna fili muna jiran su har rana ta yi ja, shi ya sa ake cin lokacin magariba. Na biyu, cacar kwallo ta waya ta shigo, yaron da a da yake ba da kudin karo-karo yanzu can yake zuba su, har ta kai ana cin kudi a kan wasanmu na kauye, kuma duk wasan da aka sa wa kudi ba ya karewa lafiya. Na uku, sojan haya. Tun da 'yan siyasa suka fara sa kofi gab da zabe, kowace kungiya sai ta dauko 'yan wasa daga wani gari ta biya su, yaran da suka yi rani suna atisaye su zauna a benci. Fadan da aka yi a wasan karshe, asalinsa ke nan. Idan zabe ya wuce, mai kofi ya bace, a bar mu da gaba da makwabta.

Shin idan aka rushe kungiyar, yaran nan masallaci za su tafi da yammacin Lahadi, ko islamiyya? Mu daina yaudarar kanmu. Mun san inda za su tafi, mun kuma san abin da ake sha a can. Yaron da ya san zai yi gudun minti casa'in ranar Lahadi yana da dalilin kin wasu abubuwa. Yaron da ba shi da komai a gabansa fa?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne rowar da muke yi wa namu. Mutum zai biya kudin kallo duk mako, ya sayi jesin Arsenal, ya yi gaba da dan uwansa saboda wata kungiya a Landan da ba ta san da zamansa ba, amma ka ce ya kawo wani abu a sayi kwallo sai ya ce shekara ta yi tsanani. Alhali ita kanta Arsenal din, a 1886 ma'aikatan wata masana'antar makamai a Woolwich ne suka yi karo-karo suka sayi kwallo, kamar yadda muka yi a Ngojin. Sannan mu zauna muna mitar cewa Yobe Desert Stars ta hau babbar gasar kasa a kakar 2018 ta fado a 2019. Daga ina ake so ta samo 'yan wasa, idan ana barin filayen kauye suna mutuwa? Sai da kafa ake hawa, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Ga abin da nake ba da shawara, idan manya za su saurari na kasa da su. A bar kungiyar da sunanta, a bar kofarta a bude ga duk yaron da ke zaune a yankin nan. A bude asusu, a damka shi a hannun mutum biyu, daya daga cikinmu daya daga cikin masu masaukinmu, duk ranar Laraba idan an tashi kasuwa kowa ya jefa abin da ya sawwaka, a rika karanta lissafi a bainar jama'a. A mayar da wasa da safe idan ya yi karo da na Turai, idan kuma da yamma ne a busa usur da an idar da la'asar, wanda ya makara ya zauna a benci ko waye ubansa. A haramta sojan haya da caca a bakin fili. Sannan mu je da kanmu mu ba alkalin wasan nan hakuri, mu biya kudin maganinsa, mu nemi yaran kauyen can a sake buga wasan.

Shi kuma Alhaji, Allah Ya kara budi, ina rokonsa da girman Allah ya kawo jesin nan, yaran suna bukata. Ya dai cire sharadin. Idan ya yi haka, kyautarsa za ta shiga gidajen da bai taba takawa ba, a yi masa addu'a da harsuna hudu ko biyar. Idan kuma ya ce sai da sharadi, to ni dai ra'ayina mu ci gaba da wasa da yagaggun rigunanmu, da su muka dauko kofi a baya.

Kakanninmu da suka zo garin nan da sanda da buta, ba da takarda suka samu wurin zama ba. Mu'amala ce ta ba su gona da mata da makwabta. Lahadi mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kasance a bakin fili da tokar jan layi. Wanda yake ganin na yi kuskure ya zo can ya same ni mu tattauna, amma ya taho da kudin karo-karonsa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Wassalam.