WAI ME YA KAI TA? TAMBAYAR DA AZZALUMAI KE FAKEWA DA ITA

A watan Satumba na shekarar 2022 ne birnin Kano ya girgiza da labarin wani ɗan ƙasar Sin da ya kutsa har cikin gidan iyayen wata matashiya a unguwar Janbulo, ya caccaka mata wuƙa har rai ya yi halinsa. Hujjarsa ita ce wai ya kashe mata dukiya mai yawa, amma ta ƙi aurensa. A watan Maris na 2024 babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. A wancan lokaci babu majalisar samarin da ba a yi Allah wadai ba, babu teburin mai shayin da ba a tsine masa ba, kuma hakan daidai ne. To amma akwai tambayar da aka ƙi yi, saboda amsarta ba ta da daɗin ji: wannan magana ta "na kashe miki kuɗina", daga ƙasar Sin mutumin ya taho da ita? Ko kuwa magana ce da kullum dare ake furta ta a zauruka da ƙofofin gidaje a Kano da Zariya da Katsina da Gusau, daga bakin samarin da suka iya alwala, suka san hanyar masallaci? Lallai laifi tudu ne.

Abin ba ya farawa da wuƙa. Yarinya ce 'yar shekara 15 ko 16, tana aji ɗaya ko biyu na babbar sakandare. Saurayi ya fara da katin waya da kuɗin adaidaita sahu, watarana ya sayo mata wayar kanta. Daga ranar ya ɗauka ya sayi baiwa. Shi ne zai binciki wayarta, shi ne zai faɗa mata ƙawar da za ta bi da wadda za ta rabu da ita, shi ne zai tsaya a bakin ƙofar makaranta lokacin tashi tare da abokansa yana ƙirga wanda ya yi mata magana. Ranar da ta ce ba ta yi, sai mari. Ranar da ta ce za ta gaya wa mahaifinta, sai ya nuna mata hoton da ya yaudare ta ta tura masa, ya rantse zai watsa shi a WhatsApp kowa ya gani. Da wannan igiya yake jan ta zuwa shagon abokinsa ko wani kango, abin da ya biyo baya kuwa sunansa fyaɗe, ko da an yi masa kwalliya da sunan soyayya. Finafinan Indiya da littattafan soyayya sun daɗe suna koya wa yara cewa wai naci da tsare hanya da matsanancin kishi su ne alamar so, ga sakamakon nan ana girba.

Kada wani ya ce ƙari ake yi. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 a Nijeriya an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18, cewa mafi yawan masu aikata ta'asar mutane ne da yaran suka sani, kuma waɗanda suka samu wani taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Wannan lissafi bai ware Kudu ya bar Arewa ba. Kuma a lura da yaro 1 cikin 10 ɗin nan, domin abin da wasu manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana a ɗakunan kwana na makarantun maza, shi ma an binne shi da shiru.

Amma da zarar magana ta fito, kafin a tambayi sunan wanda ya yi aika-aikar, sai a ji wani ya gyara zama ya ce: "To ita me ya kai ta?" Subhanallahi! An bar jaki ana dukan taiki. Babu mai musun cewa keɓancewar saurayi da budurwa haramun ne, babu mai kare irin zancen da ake yi a lunguna cikin duhu, kuma Allah (T) ya hana ko da kusantar zina a Suratul Isra'i. To amma a wane littafin fiƙihu aka samu cewa kuskuren yarinya na karɓar waya ya halatta wa namiji marin ta? A wane babi aka ce wadda ta amsa sallamar saurayi ta sarayar da jininta da mutuncinta? A Suratun Nur, maza aka fara umurta da runtse ido da kiyaye farji a aya ta 30, sannan aka juyo kan mata a aya ta 31. Abin mamaki, akwai samarin da suka haddace aya ta 31 suna yi wa 'yan mata wa'azin hijabi da ita a kan titi, ta 30 kuwa kai ka ce ba a saukar da ita ba.

Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito daga Wa'ilu ɗan Hujru labarin wata mata da ta fita za ta je salla a zamanin Manzon Allah (S), wani mutum ya tare ta ya yi mata fin ƙarfi. Ta yi kururuwa, mutane suka bi sawu, magana ta kai gaban Manzo (S). Bai tambaye ta dalilin fitarta ba, bai ce a rufa asiri ba, ya sallame ta ba tare da wani haddi ba, hukunci ya koma kan namijin. A cikin Muwaɗɗa, littafin da ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa shekaru aru-aru, Imamu Malik ya kawo cewa wanda ya tilasta wa mace, bayan haddin da ke kansa, sai ya biya ta sadaki, ita kuwa babu uƙuba a kanta. Wannan ita ce shari'ar da ake ɗaga murya ana cewa ana so. Wanda yake son ta, to ya so ta har a nan.

Akwai kuma wata mas'ala a Muwaɗɗan da ya kamata iyaye masu "rufin asiri" su ji ta da kunnen basira. Imamu Malik ya tafi a kan cewa macen da ba ta da aure idan ciki ya bayyana gare ta, sannan ta ce tilasta mata aka yi, ana neman alamar da ke gaskata ta, kamar a ce ta zo tana jini ko ta nemi agaji a lokacin da abin ya faru. Ke nan uwar da ta toshe bakin 'yarta a daren farko, ta wanke tufafinta, ta ce kul kada kowa ya ji, da hannunta ta ƙona hujjar 'yar, a kotun shari'a da kotun boko baki ɗaya. Bayan wata huɗu ciki ya fito, yaron ya rantse bai san ta ba, sai a wayi gari wadda aka zalunta ita ce mai laifi. Asirin wa aka rufa a nan? Asirin azzalumi aka rufa, shi ya sa gobe yake komawa bakin ƙofar wata makarantar.

Wasu kuma sai su kai maganar gaban mai unguwa, a yi zama, uban yaro ya ajiye 'yan kuɗi "na magani", a shafa fatiha a watse. Mafi muni, a ce ai gyara shi ne a aura masa ita. A ɗauki yarinyar da ta ga mutuwa a hannun mutum a kai ta ɗakinsa, a rufe ƙofa, a kira wannan sulhu! Alhali Buhari ya ruwaito cewa Khansa'u 'yar Khizam, da mahaifinta ya aurar da ita ga wanda ba ta so, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (S) ya kuma warware auren.

Makarantun su ma ba su fita ba. Abin da aka saba gani shi ne, shugaban makaranta ya fi jin tsoron sunan makarantarsa ya ɓaci a kan rayuwar ɗalibarsa ta ɓaci. Sai a kira uba a asirce a ce ya zo ya ɗauki 'yarsa, yaron kuwa ya ci gaba da zuwa aji, ya zana jarrabawar WAEC da NECO, ya wuce jami'a. Idan ma ba a kore ta ba, habaici da nunin baki na 'yan aji sun isa su kore ta. Makarantu nawa ne ke da malama mace guda ɗaya da aka ware, aka sanar da ɗalibai cewa duk wadda ake tsoratarwa ta je wurinta, kuma maganar ba za ta zama labarin ɗakin malamai ba? A wasu wuraren ma, wanda ya kamata a kai wa ƙarar shi ne ke kiran ɗalibai ofishinsa bayan an tashi, wal'iyazu billahi.

Shi kuma uba, cikin fushi da kunya, sai ya yanke hukuncin cewa boko ya ƙare, Islamiyya ma ta ƙare, ba ita kaɗai ba har ƙannenta. Wannan ba ƙaramin koma-baya ba ne a ƙasar da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya caccaki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga matan karkara. Wanda ya kamata a raba da makaranta shi ne mai tsare hanya.

Su kuwa mahukunta, a takarda ba su da na biyu. An sa hannu kan dokar hana cin zarafin jama'a a 2015. A watan Yuni na 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a daidai lokacin da Sufeto Janar na 'yan sanda ya ce an kai rahoton fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu na shekarar kaɗai, kuma kowa ya san waɗanda ba a kai ba sun ninninka haka. A watan Satumba na 2020 jihar Kaduna ta yi dokar dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. An yi ta kururuwa a rediyo. Amma talakan da ya riƙo hannun 'yarsa ya nufi caji ofis ya san abin da ke jiransa: kuɗin takarda, kuɗin man mota, tambayoyin wulaƙanci a gaban jama'a, sannan ɗage shari'a wata bayan wata har ya gaji ya bar wa Allah. Idan uban yaron mai hannu da shuni ne kuwa, kafin magariba an ba da beli. Tsarin da bai tsaya wa mai rauni a kan gonarsa da albashinsa ba, ba a kan mutuncin 'yarsa zai fara ba.

A nan ne hujja ta hau kan matasa masu da'awar gwagwarmaya da zalunci. Lokacin da wasu matan Arewa suka fito a intanet a 2019 ƙarƙashin taken ArewaMeToo suna faɗin abin da aka yi musu, da yawa daga samari zagi suka bi su da shi, wai aikin Turawa ne, wai ana son ɓata sunan Arewa. To wa ya bar filin har wasu suka shiga? Matashin da zai iya taka ƙafa tun daga safe har azahar saboda Falasɗinu, muryarsa ta dushe da la'antar azzaluman duniya, amma abokinsa na majalisa ya mari 'yar mutane a gabansa ya yi dariya ya ce "ai maganinta ke nan", wannan bai fahimci abin da yake yi wa kabbara ba.

Kuma ba ana nufin a ɗauki gora a je a fasa wa yaro kai ba ne, wannan aikin 'yan daba ne, kuma yakan ƙare da ɗan uwa a kurkuku, azzalumi a gida. Aikin ya fi haka wuya. Abokin da ya ga take-taken abokinsa ya tare shi tun a matakin binciken waya da tsare hanya, in ya ƙi ji a kai maganar ga mahaifinsa da limamin unguwa. 'Yan uwa da ke cikin ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da malaman Islamiyyu su matsa wa hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai lamba har sai an ware malamar da za a riƙa kai wa kuka, an kuma rubuta a fili cewa ba a korar ɗalibar da aka zalunta. In abin ya riga ya faru, 'yan uwa mata ne za su karɓe ta su rarrashe ta, mazan kuma su raka mahaifinta caji ofis da kotu, domin mutum goma masu natsuwa a bayan talaka sukan sauya yadda ake yi masa magana. Asibiti kuwa ba ya jira: maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani, ba a wanke tufafin, ba a goge saƙonnin barazanar da ke cikin waya. Akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, akwai cibiyoyin Salama a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan a jihar Kaduna, an kafa su ne domin wannan aiki, kuma wajibi ne kowane ɗan uwa ya san mafi kusa da unguwarsa.

Saura masu turawa. Hoton yarinya ba ya yawo da ƙafarsa, hannu ne ke tura shi daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan, kowa yana cewa "ku ga abin da 'yan matan zamani ke yi", kamar mai wa'azi. Allah (T) ya yanke bulala 80 da zubar da shaida ga mai jifan mace da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba, a aya ta 4 ta Suratun Nur, a aya ta 19 kuma ya yi alkawarin azaba mai raɗaɗi duniya da lahira ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. A cikin waɗanda suka tsaya sahu a masallacin Juma'a yau, suka sayi wannan jarida a bakin ƙofa, akwai wanda irin wannan hoto ke cikin wayar da ke aljihun rigarsa, kuma ya san 'yar gidan wane ce.