Kilishin da kuke ɓoyewa cikin akwati ba tsaraba ba ne, rigima ce

1/ Yau zan taɓo inda ke muku ƙaiƙayi. Duk wanda ya samu biza, kafin ma ya sayi akwati an fara masa lissafin kilishi. Sannan ga masu koyar da dabarar ɓoye shi: naɗe a leda uku, cusa cikin safa, in an tambaye ka ka ce babu. Ku biyo ni, zare ne.

2/ Ni ma na yi wannan wautar. Tafiyata ta farko wajen yayata a Turai, na je har Agadasawa na sayo kilishi mai kyau, Hajiya ta ƙara min dambun nama da kwalbar man shanu. A filin jirgi karen jami'ai ya zo ya zauna gaban akwatina kamar mun saba.

3/ Aka buɗe, aka kwashe komai a gabana. Awa biyu ina amsa tambayoyi, yayata na waje da yara cikin sanyi, mijinta ya bar aiki don ya ɗauko ni. Na shiga gidansu hannu rabbana. To wa na faranta wa?

4/ Mu fahimci dokar tukuna. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga Najeriya ko Nijar ya shigo da nama ko kayan madara. Busasshe ne, soyayye ne, duk ɗaya. Kilishi, dambun nama, tsire, man shanu, cuku, duk sun faɗa ciki. Amurka da Ostareliya ma ba sa wasa da nama.

5/ Na san me za ku ce: "wariya ce kawai, don namu ne." A'a malam. Tsoron cutar dabbobi ne, musamman ciwon baki da kofato. A 2001 cutar ta ɓarke a Birtaniya, sai da aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Wanda ya taɓa ganin haka ba zai saurari labarin daɗin yajin kilishinka ba.

6/ Wani zai ce "ai wane ya wuce da shi sau biyar." Na yarda. Akwai kuma masu tsallaka titi ido rufe su isa lafiya. A Amurka, in ka ce babu abinci aka samu, tarar tana farawa ne daga dala 300, kuma an rubuta cewa ka yi ƙarya. Kai da ka sha wuyar biza, a kan nama za ka ɓata sunanka? Garin neman gira a rasa ido.

7/ Kuma ƙarya ce fa. Mun iya wa'azin amana a Facebook, amma a gaban jami'i mu rantse babu komai a jaka. Ko mun ɗauka ƙaryar da aka yi wa Bature ba a rubuta ta?

8/ Masu zuwa Umara da Hajji, ku ma ku ji. Goro haramtacce ne shiga da shi Saudiyya, hukumar alhazai tana nanatawa kusan kowace shekara. Duk da haka sai ka ga an ɗinke shi cikin filo wai tsarabar ɗan'uwa a Makka. In an kama ka, ɗan'uwan ba zai rama maka ibadar da ka rasa ba.

9/ Yanzu ɗaya ɓangaren, 'yan gayu. Su kuma kunyar kayanmu suke ji. Sai su tsaya a shagon filin jirgi su sayi cakulan da tsada, su kai wa mutumin da cakulan ke cike da kantin ƙofar gidansa. Haba. Ka taso tun daga Kano don ka kai masa abin da ya gundure shi?

10/ Tambayi duk wanda ya shekara uku a waje me yake mafarki. Miyar kuka ce da daddawa ta gaske. Busasshiyar kuɓewa. Yajin da aka daka a gida. Tsamiya ta kunu. Zoɓo, kanumfari, citta. Ƙuli-ƙuli, kantun riɗi, alkaki, dubulan. Ba nama, ba madara, ba nauyi, kuma suna yin watanni.

11/ Kilishi kwana biyu ya ƙare, yara sun wawashe. Mudun kuka kuwa, duk daren da aka tuƙa tuwo sai an ce Allah Ya yi wa wane albarka. Wace ce tsarabar a nan?

12/ Su ma akwai ƙa'ida. A bushe su sosai, a niƙa, a tankaɗe, kada a ga ƙwaro ko ƙasa. A zuba a leda mai haske a rufe, a rubuta sunan abin da Turanci. Daddawa ta shiga roba mai murfi, in ba haka ba shaddarka ta gama yawo. Ɗanyun 'ya'yan itace da iri na shuka, bar su a gida. Ka duba shafin kwastan na ƙasar kafin ka ɗaure kaya, don doka na canzawa.

13/ In an tambaye ka, ka faɗi duk abin da ka ɗauko. Wanda ya bayyana, yawanci iyakarta a karɓe abin da bai halatta ba ya wuce. Mai ɓoyewa shi ke kwana a ciki.

14/ In masu masaukin ba 'yan gida ba ne, ka gaya musu akwai gyaɗa a ƙuli-ƙuli da yajin tsire, akwai riɗi a kantu. Wasu jikinsu ba ya ɗauka, har ta kai ga asibiti. Kada kyauta ta zama jinya.

15/ Sai maganar saƙo. "Don Allah ga ɗan ƙulli ka kai wa ɗana." Ko gwaggonka ce, a kwance shi a gabanka. Kun tuna ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a Disamba 2018 kan jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta? Sai Afrilu 2019 ta fito, ita da ba ta ma san da jakar ba. Ina ga kai da ka karɓa da hannunka?

16/ Abu mafi sauƙi da ba ma yi: ɗauki waya. "Yaya, me kuke kewa? Me ake bari a shigo da shi?" Minti biyu ne. Da na yi haka a tafiya ta biyu, kuka da daddawa kawai ta ce. Ta buɗe robar a kicin, ta shaƙa, ta yi shiru, sai ga hawaye.

17/ Masu kilishi, na san kuna tafe, ku zo a hankali. Ni ma ina son sa. Ku ci ku ƙoshi kafin ku hau jirgi, in 'yan'uwa sun zo hutu mu kai su Agadasawa da kanmu.