Kafin Baƙo Ya Zo Dajin Kogo

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga darajar gandayen daji 10 su koma na ƙasa, ciki har da dajin Kogo da ke yankin Faskari. Irin wannan mataki kan zo da fata guda: a gyara daji, baƙi su zo kallon tsuntsaye da namun dawa, su sayi kayan hannu, ƙauye ya farfaɗo. Ina son wannan fata, sai dai ina ganin a baibai aka jera shi. Sana'ar hannu ce ya kamata ta fara tsayawa da ƙafarta a kasuwar gida, yawon buɗe ido ya biyo baya.

Hujjata ta farko tana Nijar. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa ba su kai 50 ba a 1996, amma da aka sa mutanen ƙauyuka cikin tsaronsu, matasa suka zama 'yan rakiyar baƙi, sai suka haura 600. Wannan ya nuna cewa manomi na iya kare dabbar da ke cin wakensa idan yana ganin amfaninta. To amma a watan Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, 6 daga cikinsu Faransawa, ƙafar baƙi ta ɗauke kusan a rana guda. Wanda ya jingina abincin gidansa da zuwan Bature, labari ɗaya a rediyo ya isa ya hana shi ɗora tukunya. Mu kuwa da ke maƙwabtaka da dazukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020, ba mu da hujjar yaudarar kanmu.

Abin da ke hannunmu ya girmi gandun daji. Tun kafin jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ƙasar Maska ta yi suna da saƙa da rini. Da Turawa suka kafa gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, sai muka koma masu sayar da kaɗa ɗanya: mazari ya bar hannun mata, karofi ya bushe, ribar da ke tsakanin gona da riga ta tafi wani wuri. Ita wannan riba ake so a dawo da wani yanki nata ƙauye, kuma masu sayen suna nan ba sai da biza ba. Uwar amarya na neman faifai da tabarma da turmi, manomi na neman fartanya da lauje duk damina, mahayin dawakin sallah na neman sirdi da linzami da rigar saƙi. Ga kuma rani: yankin da ke ciyar da kasuwar hatsi ta Dandume yakan saki matasansa watanni su tafi ci-rani, alhali lokacin ne saƙa da jima da ƙira suka fi samun hannu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mai sana'a ne ya fi kowa dalilin kare itace. Majemi ba ya jima sai da bagaruwa, marini na buƙatar baba, mai saƙar tabarma na buƙatar kabar goruba. Duk itacen da ke ba mutum kuɗi kowace shekara yana tsaye, da wuya ya yarda a mayar da shi buhun gawayi sau ɗaya. Za a ce ai masassaƙi da maƙeri su ma sara suke yi, ƙirya ce turminsu, ita ce gawayinsu. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin duk tallafin da za a ba ƙungiyar masu sana'a ya zo da fili da irin dashe, a hannun Sarkin Maƙera da mai unguwa, waɗanda suka san wanda ya sara da wanda ya shuka. Abin da maƙeri ke ƙonawa a shekara kaɗan ne idan aka gwada da motocin gawayin da ke nufar birane.

Za a kuma ce roba da yadin waje sun riga sun ci kasuwa. A kan araha sun ci, kuma masaƙin ƙauye ba zai ja da injin ba, ko da na masaƙar Funtuwa ne. Amma ba a araha kaɗai ake ciniki ba, in ba haka ba da marinar Ƙofar Mata a Kano ta daɗe da rufewa. Abin da ke karya mai sana'a shi ne rashin jarin zare, da dillalin da ke saye da arha lokacin yunwa, da rashin mai koyo. Bashi kaɗan ba ruwa, rumfa a kasuwa, da yaran da za su tallata kayan ta waya sun fi ginin cibiyar da za a buɗe da biki a kulle.

Shi baƙon ma, a sake tunanin ko wane ne. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da iyalan Kano da Kaduna a hutun sallah, da matafiyan hanyar Gusau sun fi kusa, kuma ba sa gudu da jita-jita kamar na nesa. Madatsun ruwa na Mairuwa da Gwaigwaye suna gefen Funtuwa. A dasa itace a bakinsu, a hana zubar da shara, a ba masu sana'ar ƙauyukan kewaye rumfuna, kuɗin shiga kuma ya tsaya a hannun ƙauyen da lissafi a fili. Kogo zai jira ranar da manomin Faskari zai iya kwana a gonarsa, domin kafin nan babu ɗan rakiyar da zai shiga da kowa.