Gasar Jifan Kibiya Ta Ƙasar Holan: Ƙofa A Buɗe Ga Maza Da Mata

A wannan wata za mu ɗan ajiye ƙwallon ƙafa da dambe a gefe, mu leƙa garin Assen da ke arewacin ƙasar Holan, inda 'yan wasa dubbai, maza da mata, suke taruwa don gasar jifan kibiya da ake kira Dutch Open. Tun shekarar 1973 ake yin wannan gasa, kuma tana cikin mafi yawan mahalarta a duniya a irin wannan wasa.

Abin da ya ja hankalinmu gare ta shi ne ba sai an aiko wa mutum da goron gayyata ba. Wanda ya yi rajista ya biya kuɗin shiga, sai a sa sunansa cikin ƙuri'a, in rabo ya rantse sai ga direban babbar mota ya haɗu da zakaran da ya saba gani a talabijin. Akwai rukunin maza, da na mata, da na bibbiyu, da na yara, kuma wanda aka kayar ya fita ke nan.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, ga yadda yake. Akan rataye wani faifai a bango, tsakiyarsa na nesa da ƙasa mita 1.73, mai jifa kuma ya tsaya bayan layin da ke nesa da faifan mita 2.37, ya jefa 'yan kibau uku, sa'an nan abokin karawarsa ya jefa nasa. An raba faifan gida 20, kowane da lambarsa. Siririn zoben da ke baki yana ninka lamba sau biyu, na ciki yana ninka ta sau uku, cibiyar faifan kuwa maki 50 ce. Watau mafi yawan abin da kibau uku za su kawo shi ne 180. Amma fa lamba 20 tana zaune ne tsakanin 1 da 5, don haka mai kwaɗayin babba in hannunsa ya ɗan karkace, sai ya tashi da ƙarama.

Kowa yakan fara da maki 501, ana ɗebewa har a kai sifiri, da sharaɗin cewa kibiyar ƙarshe ta faɗa a zoben ninki biyu ko a cibiya. A nan ne mu malaman makaranta muka gyara zama. Alal misali, wanda ya rage masa 141 yakan nemi 20 sau uku, da 19 sau uku, da 12 sau biyu, watau 60 da 57 da 24. Wanda ya rage masa 32 kuwa murna yake yi, domin in ya nemi 16 sau biyu kibiyar ta faɗa 16 zalla, saura 16, sai ya koma kan 8 sau biyu, in ya kuskure haka nan ya koma kan 4. Duk wannan lissafi da ka ake yinsa, a tsaye, cikin ɗan lokaci, jama'a na ihu. Mu kuwa mun san yawan yaran da suke gama firamare ba su iya ɗebe 57 daga 141 ba sai da yatsu.

To, ina batun mata? A wasan da ba ya bukatar ƙarfin damtse sai saiti da natsuwa, da mutum zai zaci tun farko za a ba su filinsu. Ba haka aka yi ba. An fara gasar duniya ta maza a 1978, amma ta mata sai a 2001, kuma mata huɗu kacal aka sa a ciki. Trina Gulliver ta ƙasar Ingila, wadda ta koyi aikin kafinta, ita ta ci a wannan shekara, daga bisani ta cika sau 10. A watan Disamba na 2019 wata baturiya mai suna Fallon Sherrock ta kayar da Ted Evetts da ci 3 da 2 a birnin Landan, ta zama mace ta farko da ta ci namiji a babbar gasar duniya ta ƙwararru, ta kuma ƙara da Mensur Suljovic a zagaye na gaba. Duk da haka kuɗin da mace take ci a yawancin irin waɗannan gasa bai kai na namiji ba. Masu shiryawa sukan ce ai mata ba su da yawa a rajista. Mu kuwa muna ganin in ana son su yawaita, sai a fara gyara ladan, don ba a kiran kare da sanda a hannu.

Labarin da ya fi taɓa mu shi ne na Deta Hedman, wadda aka haifa a Jamaika a 1959, ta yi shekara da shekaru tana aikin gidan waya a Ingila tana kuma yawon gasa a ƙarshen mako. Ta ci gasar Holan ba sau ɗaya ba, amma kofin duniya ya yi ta ƙin ta. Sau uku tana kai wasan ƙarshe, a 2012 da 2014 da 2016, ana kayar da ita. Sai a ƙarshen 2025, tana da shekara 66, ta ɗauke shi. Gaskiyar Hausawa da suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A farkon shekarar nan ta 2025 kuma wani yaro ɗan shekara 17, Luke Littler, ya ci gasar duniya ta ƙwararru. Wane wasa ne ban da wannan tsohuwa da sa'an jikanta za su ci kofin duniya cikin shekara guda?

Nahiyarmu ma ba a bar ta a baya ba. Faifan da ake jifa da zaren wani tsiro mai suna sisal ake yinsa, wanda ake nomawa a Kenya da Tanzaniya, kuma kamfanin Winmau a Kenya yake ƙera faifansa. Shekaru da dama namu shi ne noma zaren, nasu shi ne cin kofi. Amma a 2020 Devon Petersen na Afirka ta Kudu ya ci wata babbar gasa a Jamus, sa'an nan a Disamban 2025 wani likitan dabbobi ɗan Kenya, David Munyua, ya kayar da Mike De Decker na Beljiyam a Landan, bayan an riga an ci shi 2 da babu.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba su yi ƙarya ba. A gidajen giya na Ingila wasan ya girma, kamfanonin caca kuma sun sa kuɗinsu a manyan gasanninsa. Ba mu goyon bayan ko ɗaya daga cikin biyun. Sai dai faifai ba ya shan giya, kibiya kuma ba ta caca. Wurin da aka rataye shi da wanda yake kula da shi, su ne abin dubawa.

Shawararmu ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin matasa ita ce, faifai ɗaya da kibau shida ba su kai kuɗin rigunan 'yan ƙwallo ba, ba sa kuma bukatar fili sai bango. A rataye shi inda babba yake gani, tun da kibiya tana da tsini, a ba 'yan mata lokacinsu kamar yadda aka ba samari, a kuma sa yaran su riƙa rubuta maki da alli da kansu, ban da na'urar lissafi. Ko ba mu sami wanda zai je Assen ba, mun sami yaran da ba za a cuce su a wajen canji a kasuwa ba.