KAFIN MU SA HANNU A TAKARDAR INSHORA

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata rana wadda ba a rubuta ta cikin kalandar jami'a ba, amma tana nan tafe ga kowannenmu, watau ranar da katin asibitin makaranta zai koma takardar banza a aljihu. Muddin sunanmu na cikin rajista, 'yan kuɗin lafiyar da muke biya tare da kuɗin makaranta suna ba mu inuwar da za mu raɓa, ko da ba ta da kauri. Ran da aka kafe sakamakon ƙarshe kuwa, sai inuwar ta gushe. Ko wanda mahaifinsa ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne ba shi da wurin komawa, domin shirin inshorar ma'aikata ya tsaya ne a kan ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu na cikinsu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mu ko duk mun wuce nan tun tuni.

To, a daidai wannan gaɓa ce masu tallan inshorar mutum ɗaya suke tare mu. Kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ake ce wa HMO, suna da tsare-tsarensu hawa hawa, galibi da sunayen ƙarafa, ga tagulla, ga azurfa, ga zinariya, kai ka ce maƙera aka shiga. Hukumar inshorar lafiya ta tarayya, NHIA, ita ma tana da nata, mai suna GIFSHIP, wanda aka ƙaddamar a 2020 domin mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya. Tun daga watan Mayu na 1999 zuwa yau an yi ta gyaran doka, har Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwa a 2022, wadda ta mai da inshorar lafiya tilas a kan kowa, a takarda dai.

Ba mu da ja da manufar. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jiyya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita, ba wanda bai san gidan da aka sayar da gona ko bijimin huɗa saboda tiyata guda ba. Tun 1962 Dokta Majekodunmi, yana ministan lafiya, ya kai maganar gaban majalisa a Ikko, amma ba a soma aiki da shirin ba sai 2005. Abin da talakawa suka yi shekara 43 suna jira, ba mu ne za mu ce a yar da shi ba. Abin da muke kira gare shi shi ne, in takardar ta zo hannunmu, mu soma karanta ta daga baya. Shafin farko na mai talla ne, da hoton likita yana murmushi. Shafin baya mai ƙananan baƙaƙe na lauyan kamfani ne, shi ne kuma za a buɗe mana ranar da muke kwance ba mu da bakin gardama.

A wannan shafi za mu tarar da lokacin jira, da jerin cututtukan da aka cire, da iyakar kuɗin da kamfani zai kashe wa mutum a shekara. Kada mu ɗauka mugunta ce kawai ta kawo su. Kamfani ya san wanda ya tako da ƙafarsa shi kaɗai ya ce a sayar masa da inshora, sau da yawa akwai abin da ya fara ji a jikinsa, ko kuwa matarsa na da juna biyu. Ma'aikata mai mutum ɗari biyar kuwa, a cikinta akwai marasa lafiya kaɗan da masu lafiya da yawa, kuɗin waɗannan ya ɗauki nauyin waɗancan. Saboda haka mai zuwa shi kaɗai shi ake kewaye wa da shinge. A tsare-tsaren kamfanoni da yawa, haihuwa da tiyata ba sa shiga sai an yi watanni ana biya, wani lokaci shekara cur. Sa'an nan ga iyaka cikin iyaka: a rubuta babban adadi a sama da manyan lambobi, can ƙasa kuma a ce tiyata ba za ta wuce kaza ba, kwanciya a gado ba za ta wuce kwana kaza ba. Wanda ya karanta na sama ya bar na ƙasa, ranar fiɗa zai gane borno gabas take.

Mafi nauyi duka shi ne layin da ke magana a kan ciwon da mutum ya shigo da shi. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu ciwon sikila, ana haifar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara, kuma ba ajin da za a rasa ɗaya ko biyu daga cikinsu a jami'ar nan. Ga masu fuka, ga waɗanda hawan jini ko ciwon suga ya kama da ƙuruciya. Waɗannan 'yan'uwa namu su ne suka fi kowa bukatar inshora, su ne kuma takardar tagulla ta fi gudu. Duk tsarin da bai faɗi ƙarara, da baƙaƙen da za a iya nunawa da yatsa, cewa ya ɗauki irin waɗannan cututtuka ba, a ɗauka bai ɗauka ba, kome daɗin bakin wanda ya kawo shi.

A nan lalle tsarin gwamnati ya fi sauƙin hali, domin abin da yake bai wa mai GIFSHIP bai bambanta da na ma'aikata ba, har da awon ciki da haihuwa. Amma fa shi ma yana da nasa shingen. Majiyyaci ne ke biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. A ƙa'idojin 2012, manyan hotunan asibiti irin su CT da MRI rabi da rabi ake yi, wankin ƙoda kuwa sau shida kawai, shi ma ga ƙodar da ta tsaya farat ɗaya. Mai ciwon ƙoda na dindindin yana bukatar wanki sau biyu ko uku a mako. Lissafin ba ya bukatar ɗan sashen lissafi.

Sai mu zo ga abin da ba a rubuta shi a kowane shafi ba, ko na gaba ko na baya, alhali kuwa shi ne ke yanke irin kallon da za a yi mana a bakin tagar ba da magani. Yaya kuɗinmu yake isa asibiti? A tsarin gwamnati, ana biyan asibitin da mutum ya zaɓa kuɗin kai ne, watau a ƙirga mu kamar yadda ake ƙirga shanu lokacin jangali, a ba asibiti abu kaza a kan kowane kai duk wata, ko mun je ko ba mu je ba. Daga 2012 har zuwa 2024 wannan kuɗi naira 750 ne, bai motsa ba. A 2012 dalar Amurka tana wajen naira 157, watau kai ɗaya ya kusa dala biyar. Bayan an saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, kai ɗaya ya koma rabin dala, magunguna kuwa yawancinsu ko kayan haɗa su daga waje ake shigo da su. To, mai asibitin da aka danƙa wa naira 750, ga mai zazzaɓin cizon sauro a gabansa yana bukatar gwajin jini da magani, me ake zato zai yi? Sai ka ji an ce maganin ya ƙare, a miƙo 'yar takarda, a nuna maka kemis ɗin da ke tsallaken titi. Mutum ya biya inshora, ya kuma biya kemis. An ƙara kuɗin a 2024, aka sake ƙarawa ya kai naira 1,450 daga Afrilun 2025, muna kuwa yaba wa da hakan, sai dai shekara goma sha biyun nan ta bar wa asibitoci wata ɗabi'a ta raba layi biyu, na masu tsabar kuɗi da na masu kati, kuma ɗabi'a ba ta fita da takardar sanarwa.

Kamfanoni masu zaman kansu sau da yawa ba kuɗin kai suke biya ba, aikin da aka yi suke biya, amma sai asibiti ya nemi lambar izini daga ofishin kamfani kafin ya taɓa babban aiki. Jiran wannan lamba ya yi tsanani har sai da hukumar NHIA ta ba da umurni a 2025 cewa kada ya wuce sa'a ɗaya. In ka ga an kafa doka a kan abu, to an sha wuya a kansa. Hanyar gane gaskiyar kamfani a nan mai sauƙi ce, ba ta kuma cin ko kwabo: a je asibitin da ke cikin jerinsa, a sami ma'aikacin da ke zaune a teburin inshora, a tambaye shi ko har yanzu suna karɓar katin wannan kamfani, ko kuwa suna bin sa bashi. Amsarsa ta fi dukan takardun talla.

Jerin asibitocin ma abin dubawa ne da idon basira. Yawancin kamfanonin nan hedkwatarsu na Ikko ko Abuja, asibitocinsu kuma sun taru a manyan birane. Takarda za ta ce asibiti ɗaruruwa, amma wanda zai koma Gumel ko Zuru ko Dutsin-Ma, ko aikin koyarwa ya kai shi wani ƙauye, asibiti nawa ne nasa a ciki? Zinariyar da sai an yi tafiyar sa'a uku a mota kafin a ci moriyarta, gara mata katin hukumar jiha wanda ke aiki a ɗan asibitin shan magani na unguwa. Jihohin Kano da Kaduna da sauransu suna da irin waɗannan hukumomi, sai dai a tambaya ko katin yana aiki in an ƙetare iyakar jiha. (Abin lura ne cewa a Kano ba a kira ta hukumar inshora ba, taimakekeniya aka ce, domin a kwantar da hankalin masu ɗar-ɗar da inshora ta fuskar addini. Mu dai sunan ya yi mana, don ya fi faɗin gaskiyar abin.)

Ya fi faɗin gaskiya ne domin inshora aikin gayya ce, adashi ce ta masu lafiya domin marasa lafiya, kuma farashin gwamnati da kansa ya nuna haka. Lokacin da aka ƙaddamar da GIFSHIP a 2020, ƙungiyar mutum goma zuwa sama naira 15,000 kowane kai ke biya a shekara, wanda ya zo shi kaɗai kuwa naira 45,000 zai ajiye, ko da an ba shi damar sa mutum biyu a ƙarƙashinsa. Farashin ya tashi tun daga lokacin, amma darasin yana nan: saurayin da ba shi da mata ba shi da ɗa, in ya tafi shi kaɗai, kuɗin mutum uku ya biya. Haka nan kamfani mai zaman kansa, shingen da yake kafa wa mutum ɗaya yakan sassauta shi in taro ya zo masa da murya ɗaya.

Ba mu manta da cewa gwamnatocin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu domin lafiya, Gwamnatin Tarayya kuwa, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika shi ba. Wannan faɗa ne da za mu ci gaba da yi. Kafin nan akwai abin da ke hannun Ƙungiyar Ɗalibai. Muna neman kwamitin jin daɗin ɗalibai ya tattara takardun dukan masu talla da ke shigowa harabar nan, ya fassara shafin baya da Hausa da Turanci mai sauƙi, ya kafe a allon sanarwa na kowane ɗakin kwana. A gayyato wakilansu da na hukumar tarayya da ta jiha babban zaure a rana ɗaya, a sa ɗaliban likitanci da na shari'a a sahun gaba, a tambaye su batun sikila da lokacin jira da lambar izini a gaban jama'a, a rubuta amsa. Ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa kuma, waɗanda aikinsu ya tsaya a kan liyafar ban kwana da buga kalanda, su ne suka fi dacewa su haɗa 'yan garinsu goma goma su yi rajista tare, tun da asibiti ɗaya za su koma.

Majalisar wakilan ɗalibai ta sa wannan batu cikin ajandarta kafin 'yan ajin ƙarshe su shiga jarrabawa, domin in aka ajiye alƙalami kowa ya ɗaure akwatinsa ya nufi tasha, ba mai iya tara mutum goma a ɗaki ɗaya.