Ɗaukar Hoto Bai Isa Adana Ilimi Ba

A unguwannin cikin ganuwar Zariya, irin su Kona da Juma da Kwarbai, akwai gidajen malamai masu riƙe da tsofaffin takardun ajami da na Larabci, waɗanda gara da danshin damina ke ci sannu a hankali. Samari sun fara ɗaukar hotunansu da waya suna zubawa a intanet. Madalla da wannan himma, amma a ganina da sauran rina a kaba, domin hoto ba ya amsa tambaya. Mai neman sunan wani malami cikin shafi dubu, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mafita ita ce a buga matanin cikin tsarin XML, wanda aka tabbatar a 1998, inda ake yi wa kowane yanki alama: wannan baiti ne, wannan sunan marubuci, wannan sharhin gefe. Daga nan XSLT, da ya biyo baya a 1999, ya kama aikin tela: ya karanta alamomin, ya ɗinka wa matanin rigar HTML da mai karatu zai gani. In an buga ajamin da bokonsa, yau a fito da su kafaɗa da kafaɗa, gobe a fito da jerin sunaye kaɗai, asalin kuwa ba a taɓa shi ba.

Kirana ga ɗalibanmu na Jami'ar Ahmadu Bello shi ne mai nazarin Hausa ya haɗa kai da mai nazarin kwamfuta, su durƙusa gaban magada takardun, domin su ne suka san inda baiti ya ƙare sharhi ya fara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.