ZAUREN UWARGIDA: Ki Dubi Idon Direba Kafin Ki Shiga

 

To, ƙarshen shekara ya ƙarato. Ga hutun makaranta, ga bukukuwan aure rututu, ga Kirsimetin maƙwabtanmu, kowa ya ɗaure kaya sai gida. Ki leƙa tashar Unguwa Uku a Kano ko ta Mando a Kaduna, ba masaka tsinke. A irin wannan lokaci ne direban da ke sawu ɗaya yake son ya yi biyu, sai ya nemi abin da zai "ƙara masa ƙarfi".

Kada ki ce ai giya ba tamu ba ce. Titi na kowa ne 'yar uwa, mai tirelar da ya kwankwaɗi ogogoro ba ya tambayar addinin motar da ke gabansa. Mu ma kuma ba mu wanke ba. Wanda zai rantse bai taɓa ɗanɗana barasa ba, shi ne zai afa tiramol ya kora da shayi. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma maye bai bar tasha ba.

Abin da barasa ke yi shi ne ta rage wa mutum saurin lura, ta kuma cika shi da ganin ya iya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya tak. Idan ƙafarsa ta makara da daƙiƙar nan kafin ya taka birki, ai aikin gama ya gama. Zancen wai ya ci goro, ya sha kofi, ya wanke fuska da ruwan sanyi duk yaudarar kai ne. Hanta ce ke tace barasa, a hankali take aikinta, ba a yi mata gaggawa.

Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988, wadda Wole Soyinka ya fara shugabanta, tana gangamin faɗakarwa daga Satumba zuwa Disamba kowace shekara. Amma jami'anta ba sa zaune cikin motar, ke ce a ciki da goyonki.

Ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar kai amarya. A cika mota da ƙawaye, a miƙa makulli ga abokin ango da idonsa ya kaɗa ya yi jajir, yana tsere don a ce masa gwani. Kowace ta ji warin, amma kunya ta ɗinke bakuna. Haba jama'a!

Ki ƙulle kuɗin mota na daban a bakin zaninki. In kin ga ido ja, magana na harɗewa, ko mota na layi, ki ce a sauke ki inda akwai mutane, ko da Kwanar Dangora ce, ki jira wata.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.